Baƙin Mai a Rigar Gaisuwa

Ku gyara zama, masu karatu, don labarin yau in na tuna shi sai in ji kaina ya ƙara girma. Ga wanda yau ya fara leƙowa shafin nan, ni ce auta a gidanmu, kuma ni nake gyaran esin mota a garejin Babana. E, esi dai, mai sanyaya cikin mota. Ba rasit nake rubutawa a ofis ba, kaina nake cusawa cikin bonet. Tun ina makaranta nake kai wa Baba abinci in ƙi dawowa gida, har ya gaji da korata ya miƙo min sifana. Yanzu in mota ta shigo, kafin mai ita ya gama bayani kunnena ya riga ya fara aiki, kuma ba yabon kai ba, da wuya ya yi min ƙarya.

Sai kuma Dogo. Kafinta ne, a gidan yayata na fara ganinsa ya zo kafa mata kabad ɗin kicin, kansa na neman taɓa silin, fensir saƙale a bayan kunne. Ya san aikina tun ranar farko, amma bai taɓa ganina a cikinsa ba, don kunyar Baba ba ta barinsa ko bi ta layin garejinmu. Ni kuma ban taɓa tambayarsa me zai ce game da aikin in an yi aure ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Ina son mutumin nan, ina son aikina, kuma ban shirya wa ranar da za a ce in ɗauki ɗaya in bar ɗaya ba.

Ranar da zan ba ku labarinta, ita ce ranar da zai kai ni in gaishe da mahaifiyarsa karo na farko, Gwaggo ƙanwar Babana ce 'yar rakiya. Tun da hantsi Umma ta zaunar da ni a bakin famfo da lemon tsami da tsohon buroshin haƙori.

“Miƙo ɗayan,” ta ce. “Kai, jama'a! Wannan farce ne ko gindin tukunya?”

“Umma, da zafi fa.”

“Gara ya yi zafin. Uwar miji hannu take fara kallo kafin fuska.”

Ta dirje ni har yatsuna suka yi ja, ta lafta min mai mai ƙamshi. Aka saka ni cikin doguwar riga ruwan zuma mai faɗin hannu, da ɗinkin zare fari a wuyanta, aka yafa min mayafi mai santsi wanda kullum yake neman zamewa. Takalmin yayata mai tsini aka aro min, da jakarta mai sarƙa. Da na dubi madubi sai da na yi wa kaina murmushi, don ni ma na san na fito.

Gwaggo tana zaune bakin gado tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, sai ta jefo maganar kamar ba komai ba.

“Ki kwantar da hankalinki, ai na riga na share miki hanya. Na gaya wa uwar tasa a waya, ana ɗaura aure kin ajiye sifana.”

Jan bakin da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

“Gwaggo, ni na ce muku zan ajiye?”

“Ke!” Umma ta daka min tsawa. “Gwaggon taki kike tuhuma? Saurara da kyau. Yau ko mota ce ta kama da wuta a gabanki, ba ki gani ba. Kada in ji an ce kin ambaci inji, ko gas, ko waya. Kin ji ni?”

Na ce na ji. A tsakar gida na tarar da Baba yana saka takalmi zai koma gareji. Ya dube ni sama da ƙasa, bai ce na yi kyau ba, Baba ba ya irin wannan maganar. Cewa ya yi, “Uwata, jar motar nan da kika buɗe jiya, na ce mai ita ya jira ki gobe. Ba na son wani ya taɓa miki aiki.” Ya fice abinsa. Sai da na ɗaga kai sama don kada hawaye ya ɓata min kwalli.

Wayata ta yi ƙara. Dogo ne.

“Na iso, ranki ya daɗe. Akwai maganar da zan yi miki a hanya kafin mu isa. Mai nauyi ce.”

Na rubuta, “Allah Ya sa alheri.”

Ya rubuto, “Amin.” Shi ke nan. Mutumin da ko ina kwana zai tura sai ya jera min furanni, yau amin tsurarta.

Motarsa tsohuwa ce amma a wanke tas, ƙamshin katako da turare a cikinta. Ya sha farin yadi, ya ajiye fensirin nan a gida. Gwaggo ta baje a baya da jakarta a cinya, ni a gaba, na haɗe gwiwoyi na sunkuyar da kai kamar ban taɓa ganin cikin mota ba. Rana ce irin wadda kwalta ke sheƙi, amma muna hawa titi esin ya fara busa sanyi mai daɗi, har Gwaggo ta ce, “Madalla da ɗan nan.”

Da muka iso mararrabar kasuwa sai cunkoso ya tare mu. Motoci suka tsaya cik. Dogo ya gyara murya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

“Kin san Mama ita kaɗai ta riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu,” ya fara, “kuma ban taɓa…”

Ƙas.

Wata 'yar ƙara ce daga cikin bonet, wadda ku ba za ku ma ji ba. Kwamfuresa ce ta saki, wato famfon da ke zagaya gas ɗin esi. Iskar da ke dukan hannuna ta fara ɗumi. Can sai ƙas, ta sake kamawa, kafin sanyi ya dawo ta kuma saki. Na ce a raina, ba ruwanki, Umma ta yi gargaɗi. Amma kunnen nan nawa ya riga ya fita daga motar ya shige ƙarƙashin bonet. Da muna gudu akwai sanyi, da muka tsaya babu. To, a can gaban mota akwai kondensa, inda gas ke sauke zafinsa. In mota na tafiya iskar hanya ce ke hura shi, in ta tsaya kuwa akwai fankar da aka ajiye don wannan aikin. Na kasa kunne ina neman gurnanin fankar nan, ban ji shi ba. Zafi ke taruwa, gas ya kumbura, sai motar ta yanke kwamfuresa don ta ceci kanta.

Ina ganin bakin Dogo yana motsi. Wallahi ina gani. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kaina ba. Ko son aiki ne, ko kuwa tsoron maganar ne ya sa na gudu na ɓuya a cikin inji, ku za ku yanke min wannan hukuncin, ni dai har yau ban sani ba.

“…to, me kika ce?” ya ƙarasa, ya juyo yana dubana, goshinsa duk gumi.

“Fankarka ba ta juyawa,” na ce.

Wani mintsini ya sauka a kafaɗata daga baya, irin wanda ke barin shaida. Dogo ya yi sororo.

“Fanka?”

“Ta esi. Tun yaushe yake maka haka in ka tsaya?”

“Ya… ya kwana biyu,” ya ce, murya a sanyaye. “Na sha kai ta a ƙara gas. Jiya ma na sa an ƙara, saboda yau.”

“A ina?”

Ya kawar da kai. “Wani waje can bayan tasha.”

“Garejinmu yana nan, ka kai wa masu ɗura gas ba awo?”

“Ta yaya zan shiga wajen Baba da mota, in tsaya yana kallona?”

Na buɗe baki zan ce masa ya kashe esin maza, don gas ɗin da aka yi ta ɗurawa ya wuce kima ga kuma fanka a mace, sai motar ta riga ni. Fuuuu! Wani farin tururi ya feso ta gefen bonet. Gwaggo ta ƙwalla salati, ta rarumi jakarta tana kokawa da ƙofa.

“Wuta! Ɗan nan, wuta! Ku fitar da ni!”

“Gwaggo, ba wuta ba ce, gas ne ya yi yawa ya nemi hanya. Kai kuma kashe esin, ka gangara gefe, ka kashe injin.”

Ban san da wace murya na faɗa ba, amma ko musu bai yi ba. Ya samu gefen wani shagon tayoyi ya faka. Na zauna ina kallon hannuwana da Umma ta sha wahala a kansu, sun yi fes, suna ƙamshi. Ina iya yin shiru mu sauke gilashi, mu isa gidan a jiƙe da gumi kamar kowa, ba wanda zai ce na yi laifi. Amma in na yi haka yau, na san gobe ma haka za a so in yi, da jibi. Na miƙa masa jakar yayata.

“Riƙe min. Buɗe bonet.”

“Kada ki fita!” in ji Gwaggo. “Na rantse sai na gaya wa uwarki!”

Na fita. Na naɗe mayafin na ɗaure shi ta baya don kada ya laƙaƙo wani abu, na tattare hannun riga iyakar yadda zai tattaru. Takalmin mai tsini yana nutsewa cikin ƙasa, amma na tsaya da kyau. Zafin inji ya bugi fuskata, na ji ni a gida.

Fanka biyu ce a motar, ɗaya ta lagireto, ɗaya ta esi. Na sa yatsa na juya ta esin, ta juya sumul ba ta cije ba, ke nan ba ita ce ta ƙone ba, wuta ce ba ta isa gare ta. Na bi wayarta da hannu har soket, ba inda ta yanke. Na buɗe baƙin akwatin fis da ke gefen batir, na zaro fis ɗin fankar na ɗaga shi a rana, zarensa lafiya lau. Saura rile, ɗan ƙaramin akwatin nan mai ƙafafu da ke buɗe wa fanka wuta in esi ya kira ta. Ba filaya a hannuna, sai da na yi ta girgiza shi da yatsu kafin ya fito, farcena ɗaya ya tafi a wajen. Na kai shi hanci. Ƙaurin ƙuna.

“Shi ne,” na ce.

Dogo yana tsaye gefena, dogon mutum rungume da jakar mata mai sarƙa, ya ma manta da ita a hannunsa.

“Yanzu ina za mu samu wani?”

“Motarka tana da wani.”

A cikin akwatin akwai rilen hon, lambarsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya. Baba ne ya koya min wannan dabarar tun ina tsayawa kan bulo kafin in kai bonet. Na zare shi na dasa a gurbin na fanka, na danna har ya zauna.

“Tayar. Kunna esi.”

Ya shiga ya murza makulli. Ƙas, kwamfuresa ta kama. Sai fankar ta ɗauka da wani gurnani, iskarta ta kaɗa min gefen mayafi. Na tsaya ina saurare, ina jiran ta saki kamar ɗazu. Ba ta saki ba. Wani direban bas da cunkoso ya tsayar kusa da mu ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, “Ranki ya daɗe, in kin gama ga tawa nan, ni ma a gashe nake!” Fasinjojinsa suka kwashe da dariya, wata mata a ciki har da tafa min. Na mayar da murfin akwatin, na bi maƙallansa ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya ce ƙas, na sauke bonet.

Da na dawo cikin mota sanyi ya riga ya cika ta. Na kai bayan hannuna bakin iskar don in tabbatar, sai a lokacin na ga abin da ya samu rigar. Baƙin mai ya shafe hannunta na dama tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, yatsuna kuwa sun koma yadda Umma ta same su da safe, har sun fi.

“Shi ke nan,” in ji Gwaggo, ta dafe kai. “Kin kashe mu. Ɗan nan, juya mu koma gida ta sake kaya.”

“Mama tana jira, Gwaggo,” ya ce. Idonsa na kan hannuna, bai ɗauke ba. Can ya ce a hankali, “Ko murfin ba ki bari a karkace ba.”

“Gobe ka kawo ta a sa mata gejin awo a daidaita gas ɗin, a sa sabon rile. Wannan na wucin gadi ne.”

“Garejin Baba?”

“Garejinmu,” na ce.

Ya ja motar muka koma kan titi. Ni kuma sai a lokacin hankalina ya dawo jikina, na tuna mutumin nan ya yi min magana mai nauyi ya tambaye ni me na ce, na ba shi amsa da fanka. Na waiwaya na dubi Gwaggo, don ita ta ji komai. Ta murguɗa min baki ta kau da kai, ta shiga goge min hannun riga da hankicinta, tana ƙara baza baƙin.

A ƙofar gidan ya danna hon don a buɗe get. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi. Shiru. Ya juyo ya dube ni, na dube shi, sai dariya ta ƙwace mana mu biyu, har Gwaggo sai da ta toshe baki da mayafi. Da kansa ya fita ya ƙwanƙwasa.

Kafin mu shiga Gwaggo ta warware mayafina ta lulluɓe min hannun dama da shi, ta cusa bakinsa a hammatata. “Ki matse. Ko me za a ba ki, kada ki saki.”

Falon Mama ƙarami ne, a share ƙal. Kujerun duk aikin Dogo ne, na gane su daga yadda ya goge kusurwoyinsu. Labule ruwan toka, agogon bango, hoton marigayi a sama da talabijin. Ita kuma 'yar ƙaramar mace ce da tabarau, carbi a hannu, tana zaune a kan dadduma ta jingina da kujera. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a daidai gwargwado, suka gaisa da Gwaggo suka taɓa hirar zafin gari. Dogo ya zauna can bakin ƙofa ya sunkuyar da kai.

Mama ta tsiyaya lemo mai sanyi a kofi da hannunta, ta miƙo min.

“Karɓi, 'yata, kin sha rana.”

Babba ta miƙo min abu, ba zan karɓa da hagu ba, ba kuma zan karɓa da hannu a dunƙule cikin mayafi kamar mai ɓoye abin sata ba. Ina jin idon Gwaggo a ƙeyata. Na saki mayafin ya zame, na miƙa hannu biyu na karɓa.

Mama ta dubi hannun rigar, ta dubi yatsun, ta dubi karyayyen farcen. Ta gyara tabarau.

“Faɗuwa kika yi?”

“A'a, Mama. Esin motarsa ne ya lalace a hanya, na gyara.”

“Ke kika gyara?”

“Ni na gyara.”

Gwaggo ta yi wata dariyar yaƙe. “Ai na ƙarshe ke nan, Hajiya, kamar yadda muka yi magana. Yarinta ce kawai.”

“Haka ne, 'yata?” in ji Mama, idonta cikin nawa. “An ce min za ki bar aikin.”

Na amsa mata kai tsaye, kuma ina alfahari da hakan har gobe.

“Ban ce ba, Mama. Ku yi haƙuri, ba zan fara shigowa gidanku da alkawarin da ban ɗauka ba. Aikin Babana ne, na iya shi, kuma ina son sa.”

Mama ta juya wajen ɗanta.

“Kai ka ce min za ku gama maganar nan a hanya.”

“Na yi mata, Mama,” ya ce. “Mota take saurare.”

“To, maimaita a gabana. Nan ba mota.”

Ya ɗago kai. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya haɗa ido da ni a gaban manya ba sai ranar.

“Roƙonta na yi ta bar aikin, saboda ke kin fi son haka, ni kuma ban taɓa saɓa miki ba.” Ya gyara zama. “Amma lokacin ban taɓa ganinta tana yi ba. Yau na gani. Mama, in wani ya ce in ajiye zarto don zai ba ni 'yarsa, na san abin da zan ji. Na janye maganar. Gara ma da ba ta ji ba.”

Masu karatu, abu biyu suka soke ni a tare. Ashe da gaske ya roƙa, bakin nan da nake kallo yana motsi abin da yake faɗa ke nan, kuma ya yi min ciwo. Ga shi kuma ya tsaya a gaban uwar da bai taɓa yi wa musu ba ya janye, saboda ni. Na ajiye kofin da ke hannuna a ƙasa.

Mama ta juyo wajena. Ta ajiye carbinta a kan dadduma, ta miƙo hannu ta kamo nawa na dama, mai baƙin, ta juya tafin sama tana dubawa. Man ya shafi yatsunta, ta gani, ba ta saki ba. Fuskarta kuwa ban iya karanta komai a cikinta ba.

“Kai, tashi ka fita,” ta ce. “Ke ma, Hajiya, ki ɗan ba mu wuri. Ina da magana da yarinyar nan, mu biyu.”

Gwaggo ta miƙe ta fita. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, Mama ta ɗaga masa ido sau ɗaya, ya ja ƙofar ya rufe.

Hannuna yana cikin nata, kuma ban janye shi ba. Abin da ta faɗa min kuwa, masu karatu, sai mun haɗu a rubutu na gaba.